RX-7 ko RX-8: wacce za ka saya in injin rotari ya shiga ranka?

Duk wanda ya tambaye ni wace Mazda mai injin rotari zai saya, amsata ɗaya ce: RX-7 ta ƙarshe, wadda masu sonta ke kira FD. Zan ambaci sauran, amma gara a san inda na karkata tun da fari.

Injin nan ba shi da fistan mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, kowace fuskarsa tana shan mai, ta matse shi, ta ƙone shi, ta fitar da hayaƙi. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro shi, amma mutanen Mazda na Hiroshima ne suka riƙe shi hannu bibbiyu, a ƙarƙashin injiniya Kenichi Yamamoto. Sun fara da Cosmo Sport a 1967, kuma a 1991 motarsu 787B ta ci tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa, karon farko da kamfanin Japan ya ci shi. Ƙanƙantar injin ita ce sirrin. Ana cusa shi can cikin bonet ta baya, kusa da direba, ƙasa-ƙasa, sai nauyin mota ya rabu daidai tsakanin gaba da baya.

A FD aka fi cin moriyar wannan. Ta fito a Japan ƙarshen 1991, aka daina ƙera ta a 2002. Nauyinta wajen kilo 1,300 ne, injinta 13B cc 1,308 kacal, amma da turbo biyu yana ba da ƙarfin doki 255, na ƙarshe-ƙarshe kuma 280. Turbo ɗin ba tare suke aiki ba. Na farko yana ja tun daga ƙasa, sai allurar juyin inji ta kai wajen 4,500 ka ji motar ta ɗan numfasa, na biyun ya shigo, kujera ta rungume bayanka. Babu karkarwa, babu gurnanin fistan, sai wani siririn kuka mai ta hawa. Ka shiga kwana, hancinta na bin sitiyari kamar ta san nufinka. Ciki kuwa matsattse ne, dogon mutum kansa na gogar rufi, komai an karkato shi wajen direba. Aibinta zafi. Ƙarƙashin bonet ɗinta tanderu ne, ga tarin ƙananan tiyo masu sarrafa turbo da ke bushewa su tsattsage, ga wani ɗan tankin roba na ruwa da ke fashewa in ya tsufa. Duk abubuwa ne da ake canzawa sau ɗaya a huta, kuma wallahi ta cancanci wahalar.

RX-7 ta farko, ta 1978, ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai tsatsa da rashin kayan gyara. Ta biyu, FC ta 1985, ta mai neman sauƙin kuɗi ce, ba laifi.

Saura RX-8, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012. A takarda ta fi kowacce kyan saye: mutum huɗu, ƙofofin baya masu buɗewa ta baya, allura na kaiwa 9,000, farashi kuma kamar kyauta. Arhar nan ita ta cuce ni. A Ingila na sayi tawa wurin wani dillali. Da sanyin safiya ya ba ni makulli, bugu ɗaya ta tashi, na zaga da ita na minti goma, na biya. Kwana uku bayan nan na tsaya gidan mai, na sha mai, na murɗa makulli, sai juyi take yi ba ta kamawa. Sai da na zauna kusan rabin awa injin ya huce sannan ta tashi. Bakaniken da ya san rotari ya auna matsin injin, ya nuna mini takardar: duk ƙasa da 6.9, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Mazda ta amince da shi a wannan injin. Ƙananan ƙarafan bakin kusurwoyi, masu aikin ringi, sun cinye. Kuɗin gyaran ya ɗara kuɗin motar.

Tun daga ranar ba na kallon fenti ko kujera sai na ga takardar awon matsi. Da na'urar rotari ake yinsa, domin gejin motar fistan lamba ɗaya zai ba ka, alhali shida kake nema, uku ga kowanne cikin ƙarafa biyu masu juyawa, tare da saurin juyin da aka auna su a kai. A yi awon a gabanka, inji da zafinsa. Takardar da dillali ya zaro daga aljihu na iya zama ta wata motar. Ka tuƙa ta sosai, ka kashe, ka jira minti ɗaya zuwa biyu, ka sake tayarwa. In ya ce yana sauri, bar masa kayarsa. Wasu suna sa sabuwar sitata mai saurin juyi don ta ɓoye raunin inji, wasu su zuba baƙin mai mai kauri. Ka duba ruwan lagireto: kumfa na tasowa ko farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari a salansa, to ruwa na shiga inji, ta taɓa yin zafi fiye da kima. Wanda ya ce maka "an sake injin" kuma ba rasit, ba sunan gareji, ɗauka ba a taɓa shi ba.

Masu shigo da su daga gwanjon Japan ma da nasu salon. Takardar gwanjo na ɗauke da maki, harafin R na nufin an gyara ta bayan haɗari. Ana goge shi a kwamfuta a sa 4, makin mota mai kyau. Karɓi lambar shasi, wadda a FD ke farawa da FD3S, ka nemo takardar asali da kanka. Takardar fitar da mota daga Japan tana nuna kilomitan da aka rubuta lokacin binciken hukuma, ka gwada da abin da mita ke nunawa. Sai batun Spirit R, ta bankwana ta 2002, wadda wajen guda 1,500 kawai aka yi. Ana manna wa FD ta gama-gari tambari, a sa mata jajayen kujerun Recaro, a ninka kuɗi. Lambar shasi ce kaɗai ke raba gardama.

Mai niyyar kawo ta gida ya tuna sitiyarin 'yan Japan a dama yake, Najeriya kuwa ba ta amince da shigo da irinsu ba. FD mai sitiyari a hagu sai ta Amurka, ta 1993 zuwa 1995, ko ta Turai, kuma kaɗan ce. Kada ka yarda a yanka ta a juya sitiyari. Ka samo bakanikenta kafin ka samo ta, ka sa babban lagireto saboda zafinmu. Injin da gangan yake ƙona baƙin mai don shafa ƙarafan nan na bakin kusurwoyi, saboda haka duk shan mai biyu ka zaro sanda ka duba. In kuma ka tayar da ita da sanyi, kada ka kashe sai ta ɗumama, in ba haka ba fetur ya jiƙe fulogi, gobe ta ƙi tashi.