Dardumar bangon Pomona da na saya ta intanet

Wata uku ke nan da na rataya ta a falo. Kwaikwayo ce ta ɗaya daga cikin dardumomin labarin Vertumnus da Pomona, waɗanda masaƙan birnin Brussels suka saƙa a tsakiyar ƙarni na 16. Zanen ana jingina shi ga wani mai zane, Pieter Coecke van Aelst, kuma na ainihin suna nan a biranen Biyana (Vienna) da Madrid.

Labarin ne ya sa na zare kuɗina. Tatsuniya ce ta Romawa da mawaƙi Ovid ya rubuta. Pomona, wadda suka ɗauka a matsayin uwargijiyar lambuna, ta kulle kanta a lambu, ba ruwanta da samari. Vertumnus, wanda suka ɗauka a matsayin ubangijin sauyin yanayi, ya yi ta rikiɗa don ya gan ta: yau magirbi, gobe masunci, jibi soja. Da abin ya faskara sai ya zo a siffar tsohuwa, ya zauna yana zuba wa kansa kirari. Wannan wurin na zaɓa. Goggo da ta zo ziyara na ba ta labarin, ta ce ai wannan mai dalilin aure ce, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Lambun ya fito tsaf. Rumfunan inabi da ginshiƙai masu siffar mutane duk ana ganinsu daga bakin ƙofa. Amma da ka matso kusa sai asiri ya tonu. Ta ainihi da ulu da siliki da zaren zinare da na azurfa aka yi ta, masaƙi yana aiki ta bayan saƙar, wata guda bai gama mita ɗaya ba. Tawa inji ne ya fitar, zinaren kuwa zare ne ruwan ɗorawa kawai, fuskar Pomona ta ɗan dushe kamar an shafa mata toka. Mai shagon bai faɗi wannan ba, kuma hoton tallarsa ya fi kayan haske nesa ba kusa ba. Sandar ratayewa ma babu a kunshin, sai da na kira kafinta.

Ƙura na kama ta sosai a lokacin hunturu, ina karkaɗe ta duk Asabar. Da zan sake saye, babbar zan ɗauka, domin a ƙaramar siffofin da ke jikin ginshiƙan sun cakuɗe.