Ajin koyon Shinuwanci na Bukoki: daren da aka yi mana tarihin sunan Li

Duk ɗan kasuwar Yamai da ke sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san wahalar magana da Shinuwa ta bakin tafinta. Ni kayan salula nake saidawa a Babbar Kasuwa, kuma wannan wahala ce ta kai ni wani ajin dare a Bukoki, wanda wani ɗan ƙasarmu da ya yi karatu a Sin yake koyarwa bayan sallar isha'i. Jika goma ne a wata. Kuɗina bai tafi a banza ba, ga kuma dalili.

Na shiga da niyyar koyon ƙirga da ciniki kawai. Amma Mushe, kamar yadda kowa ke kiransa, yana da wata al'ada: kafin ya koya maka taya kaya, sai ya koya maka wanda kake tayawa. Wani dare ya ce kowa ya fito da katin dilolinsa na Sin. Aka baje su bisa tebur, sai ga Li, ga Li, ga wani Lee. Wani dattijo mai saida kayan babur ya ce, "Mushe, ashe duk ƴan gida ɗaya ne suke cinye mana kuɗi?" Aka yi dariya. Mushe ya ɗauki alli ya zana 李 a allo, babba, ya nuna mana itace a sama, ɗa a ƙasa, ya ce sunan wani ɗan itace ne mai kama da tsada. Mutum wajen miliyan 100 ke amsa shi a Sin, shi da Wang ne ke kan gaba.

Abin da ya burge ni shi ne bai cakuɗa tatsuniya da tarihi ba. Labarin Gao Yao, alƙalin Sarki Shun, da zuriyarsa da aka ce sun tsere wa azzalumin sarkin ƙarshe na daular Shang suka rayu da ƴaƴan wannan itace, ya ce mana wannan abin da kakanni suka faɗa ne. Wanda yake a rubuce kuwa shi ne daular Tang, daga 618 zuwa 907, wadda Li Yuan ya kafa. Sarakunanta kan ba jarumawan yaƙi da shugabannin ƙabilun da suka yi mubaya'a kyautar sunan gidan sarauta, har da waɗanda asalinsu Turkawa ne. Ta nan sunan ya yaɗu. Wato ba kowane Li ne jinin wani Li ba, kuma amsar dattijon nan ke nan.

Daga nan ya ƙetara Koriya, saboda Samsung da muke saidawa kullum, wanda Lee Byung-chul ya kafa a 1938. Harafin ɗaya ne, amma a Kudu suna cewa Yi, su rubuta Lee da boko, a Arewa kuma Ri. Shi ne na biyu bayan Kim, mutum sama da miliyan 7 a ƙidayar 2015. Can ba a tsayawa a suna, sai an tambayi garin da zuriyar ta tsiro, kamar yadda idan mutum ya ce mana shi Ba'adare ne mukan ce, na Illela ko na Keita? Akwai Yi na Jeonju, gidan Yi Seong-gye da ya kafa daular Joseon a 1392, gidan da Sarki Sejong ya fito, mai ƙirƙiro haruffan Koriya a 1443. Akwai Yi na Gyeongju, masu danganta kansu da zamanin tsohuwar daular Silla ta Koriya. Har doka ta taɓa hana aure tsakanin masu suna ɗaya da tushe ɗaya, sai a 2005 aka cire ta. Wannan ya tsaya mini a rai, mu da auren zumunci ne abin alfaharinmu.

Amfanin ya fito a cinikina. Na gane sunan gida ne ke fara zuwa, mace ma ba ta canza nata don ta yi aure. Yanzu "Li laoban" wato maigida Li, nake rubuta wa dilana a WeChat, manhajar hira ta Shinuwa, kuma yadda yake amsa mini ya canza, har gaisuwar iyali muke yi kafin maganar kaya.

Ajin yana da nasa aibu. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, in aka ɗauke kuran sai fitilar salula. Mushe yana da sauri, kuma ba ya raba takarda, duk abin da ba ka kwafa daga allo ba ya wuce ka. Wanda bai iya boko sosai ba zai sha wuya a makonnin farko. Koriyanci kuwa ba ya koyarwa, tarihin kawai ya sani, kada wani ya zo don shi.

In za ka je, ka riƙe kaye da bik, ka zo da katunan dilolinka, kuma ka kama bencin gaba tun kafin a idar da sallah, don na baya ba ya jin muryar da ake ɗagawa da saukewa, alhali a Shinuwanci ita ce ke raba kalma da kalma.