Murhun Gas Ya Ƙi Kamawa: Ka Gyara Da Kanka Ko Ka Kira Mai Gyara?

An sha yi mini wannan tambayar: an murɗa makunni, murhu yana ta ƙas-ƙas, wuta ta ƙi tashi. Wanne ya fi?

Ta wajen kuɗi, gyara da kanka kusan kyauta ne, don sau da yawa laifin ƙarami ne. Ko miya ta zubo ta toshe ramukan da gas ke fitowa, ko ruwan wanki ya jiƙa farin tsinken da ke fitar da tartsatsi, ko murfin kan murhun bai zauna daidai ba. Tsohon buroshin haƙori da allura sun wadatar, sai a bar shi ya bushe ƙayau. Ni dai ban yarda da tsinken sakace ba, yakan karye a cikin rami. In ko ƙas-ƙas ɗin ma babu, a duba batiri, idan murhun mai batiri ne.

Mai gyara kuwa sai an biya shi, an kuma jira shi. Amma idan farin tsinken ya tsage ko waya ta ƙone, aikinsa ne, kuma gyaran ya fi ƙarko tunda sabo zai saka.

Haɗarin fa? Rufe gas, ka cire wutar lantarki kafin ka taɓa komai. In ka ji warin gas alhali makunni a kashe, buɗe taga, kada ka ƙyasta ashana.

Wanda dauɗa ce kawai ta toshe masa murhu, hannunsa ya isa. Wanda ya share bai ga canji ba, ko ya ji wari, mai gyara ne nasa.