Aji ko Jarrabawa: Hanyoyi Biyu na Kammala Sakandare a Manitoba

A lardin Manitoba na Kanada, baligin da karatunsa ya katse yana da ƙofa biyu. Zaɓin ya fi nauyi ga 'yan asalin ƙasar, irin su Cree da Métis, waɗanda aka raba iyayensu da gida tun suna yara aka kai su makarantun kwana na tilas, har wasu suka taso suna ɗari-ɗari da aji.

Ta farko jarrabawar CAEC ce, mai ba baligi takardar shaida daidai da ta kammala sakandare, wadda ta maye gurbin tsohuwar jarrabawar GED a 2024. Fanni biyar ne: karatu, rubutu, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa. Wanda ya bar makaranta dab da ƙarshe, kuma aiki yake nema da gaggawa, ita ta dace da shi.

Ta biyu ita ce difilomar sakandare ta manya, wadda ake yi a cibiyoyin karatun manya. Daga shekara 19 ake shiga, a ci darussa takwas, huɗu daga cikinsu na aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Tana cin lokaci, babu shakka. Amma a duba uwa mai goyo da ta yi shekara goma rabonta da alƙalami: malama na zaune gefenta suna warware lissafin kaso, gobe ta makara saboda yaro ba lafiya, a ce mata bismillah, zauna. Wannan haƙurin ba a samunsa a zauren jarrabawa.

Ni dai ajin nake zaɓa wa mai burin jami'a ko kwaleji, domin galibi sakamakon darussan aji 12 suke tambaya kafin su ɗauki ɗalibi.