Maido da kwafin tsari a sabon hadis: kayan aikin Windows ko Clonezilla?

Kwafin tsari shi ne cikakken kwafin Windows da duk abin da ke kan hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta). Idan hadis ya mutu an sayo sabo, hanyar da za a bi ta danganta da abin da aka ɗauki kwafin da shi tun farko, don ɗaya ba ya karanta kwafin ɗaya.

Na Windows yana ajiye kwafinsa a jakar WindowsImageBackup, kuma dole ta zauna a tushen hadis na waje. In an sauya mata suna ko an cusa ta cikin wata jaka, ba zai gan ta ba. Ana tayar da kwamfuta da filashin girka Windows, a shiga sashen gyara, a zaɓi System Image Recovery. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne girma: kwafin hadis mai 1TB ba ya hawa SSD (sabon nau'in hadis mai sauri) mai 500GB haka kawai. Kwafin da aka ɗauka a yanayin UEFI (sabuwar hanyar tayar da kwamfuta) kuma ba zai dawo ba in an tayar da filashin a tsohon yanayin BIOS. Microsoft ma ta daina inganta wannan kayan aiki tun 2017.

Clonezilla, wani kayan aikin ɗaukar kwafin hadis, kyauta ne, yana ɗaukar Windows da Linux, kuma ya fi ba mai gyara iko: zaɓin -k1 yana faɗaɗa ɓangarorin da aka raba hadis (partitions) su cika sabon hadis in ya fi tsohon girma. Sai dai yana kiran hadis da sda, sdb ko nvme0n1, ka kuskure harafi ɗaya ka shafe wanda ba shi ba. A cire duk hadis ɗin da ba ruwansa da aikin, a duba girma da lambar samfuri kafin a amince.

Mai kwamfuta ɗaya a gida, na Windows ya ishe shi. Mai shagon gyara, Clonezilla ya fi masa.