Gargaɗi ga masu sayen na'urar buga faifan CD a Kano

Jama'a, a yi hattara da wata talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na saye da sayarwa a cikin garin Kano. Na'urar buga faifai ce siririya mai wayar USB, an liƙa mata sitika mai ƙyalli, ana cewa tana cusa gig ɗaya ko biyu a faifan CD na yau da kullum, kuma tana zana hoton amarya ko tambarin shago a bayan kowane irin faifai ba tawada. Waɗanda aka fi hari su ne masu shagon buga takardu, masu ɗaukar bidiyon biki, da masu kwafar karatu da wa'azi. Sai a ce kaya saura kaɗan, ka tura kafin alƙalami, mai adaidaita zai kawo maka har ƙofar shago.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne an gina ta a kan gaskiya. An taɓa yin na'urori masu irin wannan aiki, sai dai ƙalilan ne, tsofaffi ne, kuma kowace da sharaɗinta.

Faifan CD na kasuwa mai minti 80 yana ɗaukar megabait 700, iyakarsa ke nan, alhali gig ɗaya kusan megabait 1,000 ne. Akwai dabarar da ake tilasta wa na'ura ta ɗan wuce iyaka zuwa bakin faifai, amma abin da ake samu bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, kuma kowane minti kusan megabait 9 ne. A 2003 kamfanin Plextor ya fito da PlexWriter Premium mai fasahar GigaRec, wadda ke matse rubutun har faifan ya ɗauki kusan gig ɗaya. Tana aiki, amma a hankali take bugawa, sai da manhajar kamfanin, kuma idan aka matse sosai na'urori da yawa ba sa iya karanta faifan. Sanyo ma ya yi HD-BURN mai kai gig 1.4, wanda sai na'urar da ta san fasahar ce ke buɗe shi. To me za ka yi da faifan da ba ya tashi a gidan kwastoma? PlexWriter Premium ɗin nan mai kauri ce irin ta kwamfutar tebur. Wadda ake tallatawa kuwa, idan ka kwance ƙananan sukurorin da ke bayanta, galibi tsohuwar na'urar laftof za ka tarar an zura a sabon gidan roba.

Wajen gwaji suke nuna ƙwarewa, don haka a nan ya kamata a buɗe ido. Dabara ta farko mai sauƙi ce: faifan DVD mai sayarwa zai saka ya ce CD ne. DVD gig 4.7 yake ɗauka, gig biyu ba komai ba ne a wurinsa. Juya faifan ka duba ƙasansa. Na DVD da ake bugawa yana da launin shunayya, na CD kuma yakan yi kore-kore, shuɗi ko ruwan azurfa. Dabara ta biyu ta fi wayo, har masu sana'a tana kamawa. Zai ɗauko sauti ko bidiyon VCD na kusan megabait 800 ya buga a faifan 700, ya shiga lafiya, ya ce ka gani da idonka. Wannan kowace na'ura tana yi. Faifan an raba shi gida-gida, kusan gida 360,000. Idan fayil na kwamfuta ake ɗorawa, bait (ƙaramin ma'aunin bayanai) 2,048 kawai ake amfani da shi a kowane gida, sauran na gyaran kuskure ne. Idan sautin CD ne ana cika gidan da bait 2,352, VCD kuma 2,324. Lissafin ne ya canza, na'urar ba ta yi wata bajinta ba. Ta uku ita ce ya matse fayilolin tun a gida, ya nuna maka girmansu na asali.

Batun zanen hoto ma haka yake. Yamaha ya fara da CRW-F1 a 2002, mai fasahar DiscT@2, amma a ɓangaren da ake ɗora bayanai take zanen, a filin da ya rage babu komai. Wato idan ka cika faifan, babu wurin hoto. Duk wanda ya ce maka za ka cika faifai maƙil kuma ka yi irin wannan zane, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai. LightScribe na HP, wanda ya fito a 2004, shi ne ke zane a bayan faifai, kuma dole sai da faifansa na musamman mai wani shafe a baya da ɗan zobe mai alamomi kusa da ramin tsakiya. Ana juya faifan a kife, hoton ya fito baƙi-baƙi a kan launin faifan, babu kala-kala, kuma cikakken zane mai kyau yakan ci sama da minti 20. Rana tana koɗar da shi. HP ya daina tallafa wa fasahar tun wajen 2013, faifanta ya yi wuyar samu, manhajarta ma sai da dabara take hawa sababbin Windows. LabelFlash na 2005 shi ma zanen bayan faifai sai da nasa faifan DVD. Saboda haka idan an miƙo maka samfuri mai hoto ja da kore, firinta ce ta yi shi ko takarda aka liƙa. Kankare gefen da farce ka gani.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Je da laftof ɗinka, da faifanka sabo da ka saya a wani shago daban, da fayil ɗinka guda ɗaya na megabait 900 wanda ba ya matsuwa, bidiyon MP4 ya wadatar. Da ka jona na'urar, buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin da aka jona, ka karanta sunan da ta bayar da kanta, ka nemi lambar a intanet. Sitika tana ƙarya, sunan ciki bai cika yi ba. Sannan ka buɗe ImgBurn, manhajar buga faifai ce ta kyauta, tana nuna abin da na'urar ke iyawa, har da LightScribe da LabelFlash idan akwai, da ainihin girman faifan da ke ciki. Ɗora fayil ɗin a matsayin bayanai na kwamfuta, ka kunna tantancewa bayan bugu. Idan na'ura ce ta yau da kullum, manhajar za ta ce babu wuri tun kafin a fara. Idan har ta buga, cire faifan ka kai wata kwamfuta, ka kwafe fayil ɗin gaba ɗaya ka kalli ƙarshen bidiyon, domin a bakin faifai ake samun ɓarna. Zanen kuma a yi shi a gabanka, da hoton da ka zaɓa daga wayarka, kada faifan ya bar idonka ko na daƙiƙa ɗaya.

Za ka ji uzuri. Wuta ce ba ta isa ba, manhajar tana gida, faifanka jabu ne. Na wutar kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, don siraran na'urorin nan suna jan wuta fiye da yadda wasu ramukan USB ke bayarwa, shi ya sa ake haɗa su da waya mai kai biyu. Amma ƙarancin wuta galibi yanke bugu yake a tsakiya.

Mai neman wuri da yawa ya sayi faifan DVD ko filashi, ya fi arha ya fi kwanciyar hankali. Mai son hoto a faifai ya nemi faifai mai farin baya da firinta mai tiren CD. Idan na'urar bugawa kake so ta yau da kullum, akwai masu shago tsayayyu a Beirut Road da Farm Centre da za su bari ka gwada, su rubuta maka rasit da lambar na'urar. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya ajiye hoton tallar da hirar da shaidar tiransifa kafin a goge, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano.