Kafin ka sayi tsohon sulen azurfa, da me za ka duba tambarinsa?

Sule da fataka (sule biyu) na azurfa da Turawan mulki suka fara kawowa Afirka ta Yamma a 1913 suna nan har yanzu a hannun 'yan koli da maƙeran fari. A gaba akwai kan Sarki George na Biyar, a baya kuma bishiyar kwakwa ta raba shekarar gida biyu. A gindin bishiyar nan ake samun ɗan harafin da ke nuna inda aka buga kuɗin. H na kamfanin Heaton ne da ke Birmingham, KN na kamfanin King's Norton, wanda babu harafi kuma bugun Landan ne.

Matsalar ita ce sulen da ya sha hannu ya goge, harafin ya koma kamar tabo. Mai sayarwa zai ce maka ai babu harafi, na Landan ne. Wataƙila gogewa ce ta cinye shi, don haka kada ka saye shi a matsayin na Landan sai in ƙasan bishiyar da rubutun kewaye suna nan raɗau.

Kyamarar waya kowa na da ita, amma ita ce mafi yaudara. Wayoyin yanzu suna gyara hoto da kansu, su ƙara kaifi, sai ƙarce ya zama H. Ta yi kyau wajen ajiye hoto ka tura wa masani, ban da yanke hukunci.

Akwai 'yar na'urar ƙara girma da ake jonawa da kwamfuta. Tana kawo gindin bishiyar ya cika allo, sai dai fitilunta suna haskowa daga sama kai tsaye, azurfa kuwa ƙyalli gare ta, sai komai ya baje. Kuma wa zai ɗauki kwamfuta ya shiga kasuwar Kurmi ta Kano da ita?

Ni dai gilashin hannu irin na masu gwal, mai ninka girma sau 10, shi nake ba da shawara. Yana shiga aljihu, ba ya son caji. Wanda aka rubuta wa sau 30 ko 40 da arha ka ƙyale shi, filin da yake nunawa kaɗan ne, hannu na rawa ka ɓace. Ka haɗa shi da ƙaramar tocila, ka kwantar da haskenta ta gefe, kana juya sulen a hankali. Ragowar harafin zai yi inuwa, nan za ka ga ƙafafu biyu na H ko faɗin KN.

In ka ga KN a sule, ka tsaya. Daga 1920 aka koma buga su da tagulla saboda tsadar azurfa, KN kuma a wannan zamanin ta fito, don haka farinsa na iya zama shafe. Mayen ƙarfe ba zai raba maka ba, bai kama ko ɗaya cikinsu. Ka duba bakin sulen da wuraren da suka fi gogewa ko rawaya ta leƙo. Sabon sulen azurfa giram 5.66 ne, fataka 11.31; wanda ya goge zai ɗan gaza, amma kada ya wuce.

Wanda aka huda ko aka yi wa kunne don sarƙa, ka saye shi a farashin azurfarsa kawai. Haka ma wanda aka dirje da toka don ya yi haske.